Kawu Ya Ari Ragona

Daren Talata, ƙarshen damina.

Yau na binne ragon Balamin da na sayo don gyaran iri. Ko yanka shi ban samu yi ba, da asuba na tarar ya sandare a turke. Tun da Kawu Lawal ya are shi don barbarar tumakinsa a Babban Mutum ya dawo da majina da zawo. To, ta yaya zan hana ƙanin mahaifiyata aro?

Ɗazu Kawun ya zo jaje. Ya daɗe yana kallon ɗa guda da ragon ya bar mini, sannan ya ce, "Allah ya mayar da alheri. Wannan ƙaramin fa, yaushe zai isa barbara?"

Na ce, "Amin, Kawu." Yau a ɗakina ɗan ragon zai kwana.