Ƙasar Gindin Maɗaci

Rurum, farkon damina, 2002

Yaya Uzairu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da aikin gandun daji a can Kudu. Inna tana gaishe ka.

Ka san Baba ba ya dasa bishiya sai ya ɗebo ƙasa daga gindin tsohon maɗacin kurmin bayan gari, mai farin zaren nan kamar fumfuna, ya zuba a ramin. Kai ka gaya mini a dazukanku ma haka yake, zaren yana manne da saiwa yana shayar da ita, ita kuma tana ciyar da shi. To, ƙanenmu Mujahid ya miƙe a masallaci ya ce tsafi ne, wai iskokin kurmin Baba yake roƙo. Baba da ya shekara talatin yana limanci. Mutane sun fara ja da baya a sahu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ƙanwarka,
Muhsina

Rurum, tsakiyar damina

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, yaya jikinka da ruwan can?

Baba ya dasa ɗorawar bana ba tare da ƙasar maɗacin ba, don a bar shi ya huta. Duk sun yi rawaya sun tsaya cak. Maimakon a gane, sai aka ce ga shaida nan, iskoki sun yi fushi. Mujahid da abokansa suna wasa gatura, bayan sallar Juma'a za su sare maɗacin su ƙone gindinsa. Ni mace ce, ba mai saurarona. Don Allah ka zo ka yi musu bayani. Ina jin tsoro.

Muhsina

Rurum, kaka

Yaya,

Ina gaishe ka, Allah ya sa ka samu sauƙin zazzaɓin da ya hana ka zuwa.

An sare. Baba suka miƙa wa gatari ya fara sara, don ya wanke sunansa. Ya kuwa sara. Sahu ya sake cika a bayansa, amma tun ranar bai sake taka gona ba.

Kafin a sa wuta na cika tsohuwar tukunya da ƙasar, na dasa ɗan maɗaci a ciki, na ajiye bayan rumbu. Ya yi ganye shar. Jiya na tarar da Mujahid tsaye a kanta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ya tafi. Jibi Juma'a, ban san abin da zai faɗa a masallaci ba.

Taka,
Muhsina