Taku Huɗu Cikin Burtali

Baba, assalamu alaikum.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ni za ka miƙa wa in karanta maka, kana gyara mini kamar kai ka rubuta.

Gida lafiya. Inna na fama da gwiwa, gero kuma ya yi kyau bana.

Akwai abin da na yi, shi ya zaunar da ni rubutu. Ka tuna burtalin da ya bi gefen gonarmu ta Tozai, wanda ka hana kowa sa wa fartanya? Damina ta farko bayanka na ci taku huɗu a ciki na shuka. Na ce ƙasa ce zaune banza. Da Baffa Dikko, abokinka bafillace, ya zo wucewa da garkensa, hanya ta yi wa shanun ƙunci, suka faɗa cikin geron. Baba, na ɗaga masa murya gaban mutane. Mutumin da shekara da shekaru shanunsa ke kwana gonarmu bayan girbi, su ci kara su bar mana taki. Ya dube ni kawai ya kaɗa shanunsa. Bara bai zo ba.

Jiya na tashi da sassafe na bi burtalin a ƙasa, za ni rugarsa in ba shi haƙuri. Na ratsa gonakin dawa, raɓa ta jiƙa mini wando. Na shiga dajin nan mai kanya da sabara, inda kake tsayawa ka yanki asuwaki. Yanzu mutane na tsoron wurin, ko mai jaki ban gamu da shi ba. A kwari ruwa ya kai mini gwiwa, na cire takalmi na haye, ina ta haɗa kalmomin da za ni faɗa masa. Na yi ta sauya su, babu waɗanda suka yi mini.

Ashe wahalar banza na yi. Rugar ba kowa, sai duwatsun murhu da turakun maruƙa, ciyawa ta rufe su. Wata tsohuwa mai itace ta ce tun bara suka ƙetara Nijar, ba ta san garin ba. Na zauna nan na yi kuka, ban ji nauyinta ba.

Me ya sa ban je tun bara ba? In kai ne ka gan shi a lahira kafin ni, me za ka ce masa game da ɗanka?

Yau da safe na sare geron taku huɗun nan, da kansa da komi, saura kwana kaɗan ya nuna. Maƙwabta na cewa na zare. Burtali ya koma faɗinsa, Baba. Na tsaya har azahar, ko saniya ɗaya ba ta wuce ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka.

Ɗanka da bai ji magana ba,
Sani