Bangon Ɗakin Inna

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya, Ya yi wa nemanka albarka, Ya kare ka daga sharrin baƙunta. Mu nan lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Inna gwiwarta ta ɗan yi sauƙi, har tana fita tsakar gida da sandarta tana yi wa jikokinta faɗa. Auta ya gama jarrabawa, yanzu ba shi da aiki sai cin abinci da kwana.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Ranar nan ka ce in buɗe wa ɗan Gwaggo shago ya kwashi siminti ya yi wa ɗakin Inna filasta, ka kashe waya. To Yaya, ban buɗe ba, mukullin ma yana ƙulle a bakin zanina. Ka karanta dalilina tukuna, sannan ka yi faɗan da za ka yi.

Na san kai ka ce a ba shi ginin, don ɗan uwa ne, kuma birkila ne tun muna yara. Ban musa ba. Amma kai hoto kake gani, ni kuwa kullum na tashi daga ɗinki sai na bi ta wurin. Ranar da bangon ya kai linta, wato saman ƙofa da taga, na tsaya a kusurwa na rufe ido ɗaya na dube shi, sai na ga ya yi ciki ta tsakiya, ya turo waje. Na tambaye shi ina igiyar da ake ja a daidaita layi, ya yi dariya ya ce idonsa ya fi igiya. Na sa farce a tsakanin bulo da bulo, wallahi Yaya kwaɓin ya zubo mini a tafin hannu, yashi ne zalla aka nuna wa siminti daga nesa. Babu wanda ya ba bulon ruwa ko sau ɗaya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kusurwar: maimakon ya sarƙa bulon bangon nan da na wancan su riƙe juna, sai ya ɗora kowanne shi kaɗai, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa kawai. Na zura allurar ɗinkina a tsagar, ta shige har ƙarshe.

Duk abin da na nuna masa amsarsa ɗaya ce, wai filasta za ta rufe. Cikin bango, filasta za ta rufe. Tsaga, filasta za ta rufe. Ni tela ce, na san rigar da aka ɓata ɗinkinta aka lulluɓe da shafi, ranar da mai ita ta ɗaga hannu a cikin mutane ranar take jin kunya. Ita riga kunya kawai za a ji. Wannan kuwa bangon da za a jingina gadon uwarmu ne, ga damina tana tafe.

Da na ce sai an sauke shi, sai gida ya kama wuta. Kawu ya aiko wai mace ba ta san gini ba, in koma kan kekena. Na ce a gaya masa ban san gini ba, amma na san karkatacce. Gwaggo da kanta ta zo wurin ginin da rana tsaka, tana cewa na ci mutuncin ɗanta, na raba zumunci a kan bulo, bangon nan ko giwa ta jingina ba zai motsa ba. Na ce sannu da zuwa Gwaggo, na shimfiɗa mata tabarma a inuwar bangon. Ta zauna tana faɗa, sai ta ɗaga kai ta dubi saman bangon. Can sai ga Gwaggo ta ja tabarmarta zuwa cikin rana, wai ƙafarta ke son ɗumi. A can ta ƙarasa faɗan, gumi yana keto mata. Ni kuwa ruwa ma na kawo mata.

Da na dawo gida na tarar labari ya riga ni. Inna ta kira ni ta ce in buɗe shagon, a bar yaron ya shafa filastarsa. Ta ce ita ta tsufa, kwana nawa ya rage mata, gara ta kwana a ɗakin haka nan da ta ga 'ya'yanta da 'ya'yan ƙanwar mijinta sun daina gaisawa. Yaya, na yi kuka, ban ɓoye maka ba. Ashe ta san bangon ba shi da kyau, ta yarda ta kwanta a gindinsa don mu zauna lafiya, mu kuma muna shirin barinta.

Washegari na samo leburori biyu na ce su sauke shi. Ko guduma ba su ɗauka ba, da hannu suka riƙa ɗaga bulon suna ajiyewa. Don haka maganar filasta ta ƙare, babu bangon da za a shafa. Na ce wa ɗan Gwaggo in zai ja igiya ya sarƙa kusurwa ina tsaye a kansa, aikin nasa ne. In ba zai iya ba, magina ba su ƙare a duniya ba. Ka yi fushi da ni na ɗauka, Kawu ya daina amsa gaisuwata na ɗauka, amma haƙuri kam ba zan ba kowa ba.

Ka gaida mini Anti, da mai sunan Baba, da 'yar autarku mai tsiwa. Auta da maigidana suna gaishe ka. Inna ta ce ka riƙa cin abinci. Tana nan a ɗakina a kan gadona, ni ina ƙasa a tabarma, kuma haka za mu zauna har sai an yi mata bangon da zan iya barinta a gindinsa in tafi in yi barci.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
mai taurin kan nan da ka sani.