Makunnin Bango

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, ya aiki? Kawu direba ne zai kawo maka wannan, tunda ka san ba a barin mu da waya a makaranta.

Taimako nake nema. Ni da Rediyo, ƙawata da ka ce ko an ɗauke wuta bakinta ba ya ɗaukewa, mun yi bidiyon yadda ake tace ruwa da yashi da gawayi. Za a nuna wa iyaye ranar baje kolin kimiyya. Ni ce na yi bayanin a ciki, kada ka yi dariya. Na yi ta maimaitawa har muryata ta dishe, kuma a wanda muka ajiye ban yi i'ina ko sau ɗaya ba. So nake Mama ta ji ni ina magana tiryan-tiryan a gaban mutane.

A kwamfutar Malama yana tafiya sumul. Amma da mun haɗa ta da talabijin ɗin zauren taro sai hoton ya riƙa tsayawa yana fizga, muryata tana kakkatsewa. Sai ka ce ni ce aka tayar a aji.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta sarkin kunya,

Wa'alaikumus salam. Yau ke ce a talabijin? To, mun shiga uku da yanga.

Ki kwafe bidiyon daga filashi ki sa shi cikin kwamfutar. Ki rufe duk abin da ke buɗe. Ki sa hoto ya fita a talabijin kaɗai, kada ya fito a wuri biyu. In bai daina ba ki canza wayar da ta haɗa su. Amma zargina ya fi ƙarfi a kan caja. Tsohuwar kwamfuta in tana kan batir rage ƙarfinta take yi, kamar motar Baba a kan tudu. Ki jona ta a bango, ki tabbata makunnin a kunne yake.

Ki gaida Rediyo, in ta bar ki kin kai ƙarshen gaisuwar.
Yayanki

*

Yaya,

Ina yini, ya ƙoƙari? Ka yi haƙuri da jinkirin amsa.

Cajar ce. Da muka jona ta a gwaji, bidiyon ya tafi lafiya lau. Rediyo har wasa ta riƙa yi da makunnin bangon, ta kashe in kakkatse, ta kunna in miƙe. Ta ce, "Ashe nan bakinki yake." Na yi dariya, don ita ce.

Ranar taron Malama ta tsayar da ni kusa da talabijin, Rediyo ta zauna wajen kwamfutar. Bidiyon yana kaiwa inda nake cewa "za mu zuba ruwan", sai ya fara fizga. 'Yan ajinmu suka fashe da dariya, wata daga baya ta kwaikwaye ni. Mama ta sunkuyar da kai tana gyara jakarta. Rediyo ta tashi ta rage sautin, ta yi bayanin da bakinta daga farko har ƙarshe. An tafa mata sosai.

Da aka watse na je naɗe waya, na tarar cajar tana jone amma makunnin a kashe. Wuta ba ta ɗauke ba, tunda talabijin bai mutu ba. Yaya, makunni yana kashe kansa? Ko zafi yana sa shi ya koma? Don Allah ka duba mini da kyau.

Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Na so in samo miki wata amsa, ban samu ba. Makunni ba ya kashe kansa.

Ki roƙi Malama ta sake nunawa. Ki turo mini bidiyon ta hannun Kawu, Mama ta ce a babban talabijin za ta kalla.

Yayanki

*

Ƙawata,

Sannu. Tunda kin daina kallona a ɗakin kwana, ga takarda. Wai duk a kan makunni? Tun ajin farko wa ke amsa miki tambaya? Wa ke yi miki magana wajen mai shago? Kika yi bidiyo, ko layi ɗaya ba ki ce in karanta ba, sai riƙe miki kwalba. Ai ban bar ki kin ji kunya ba, na tashi na rufa miki asiri kamar kullum. Ki sauko haka nan.

Taki har kullum,
Rediyo

*

Rediyo,

Na ga saƙonki, na gode.

Na je wajen Malama ni kaɗai. Na daɗe kafin in gama faɗa, amma ta jira ni. Za a sake nunawa bayan taron safe. Ni zan zauna kusa da bango.

Ki zo, akwai wuri a gaba. Ba sai kin ce komai ba.

Ki huta lafiya.
Auta