Yatsun Delu

Kiru, 3 ga Maris

Ƙanwata Baturiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya aikin asibiti? Ga awon sugana na wannan mako da kika matsa in aiko: 95, 102, 98. Sai ki shafa mini lafiya. Ni da na fara da dako har na mallaki rumbuna, ba a gaya mini yawan lomar da zan yi. Ki gaida yara.

Yayanki,
Alhaji Inuwa

*

Tudun Wada, 11 ga Maris

Yaya,

Barka da war haka. Awon ya yi kyau, har ya yi yawa. Jiya matarka Delu ta kira ni, wai yatsunta duk sun yi tsami, me za ta shafa. Ta kuma ce gyambon ƙafarka ya yi sati uku bai kame ba. Yaya, jinin wa kake aunawa? Irin wannan ƙafar nake gani ana yankewa. Ka yafe mini in na yi tsaurin ido.

Ƙanwarka,
Baturiya

*

Kiru, 20 ga Maris

Baturiya,

Salamu alaikum. Sau uku ina yaga wannan takarda. Jinin Delu ne. Nawa da na auna sau ɗaya, 310 na gani, na mayar da na'urar aljihu.

Kin san ciyayyar ƙofar gidana. Shekara ashirin mu bakwai muke fito da kwanukanmu bayan magariba, nawa ne babba. Ran da na fito da ɗan wake da zogale yadda kika ce, Ɗanasabe, ɗaya daga cikinmu, ya leƙa ya ce, "Alhaji, ko kasuwa ta juya ne? Matso ka sa hannu a nawa." Aka yi dariya. Washegari na sa aka tuƙa tuwon shinkafa malmala shida. Zagayen safe da kika ce in riƙa yi ma na bari, don duk mai achaɓar da ya gan ni a ƙafa sai ya tsaya yana tausaya mini.

Kullum Delu ta miƙo yatsa ba ta cewa komai. Shi ya fi ci mini rai.

Inuwa

*

Kiru, 27 ga Maris

Baturiya,

Na faɗa wa abokan ciyayyata ciwon sugana a kan tabarma, kaina a sunkuye. Ba wanda ya yi dariya. Ɗanasabe ya janye kwanon tuwon daga gabana.

Yau 240. Yatsana ne. Ranar Litinin zan kawo miki ƙafar.

Wassalam,
Yayanki