Kalmomin Baba a Tallan Zuma

Adda Hauwa,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinki, ya maigida da yara? Mu nan Jambutu lafiya lau.

Jiya da hantsi na sa manhajar AI ta rubuta min tallan zumar da nake sayarwa. Adda, sai ta rufe da, "Ɗanɗana, 'yata, ba sai kin saya ba." Abin da Baba ke gaya wa masu wucewa ke nan a rumfarsa ta Mubi, kafin ya ɓace ranar da muka gudu daga garin. Ban taɓa rubuta shi ko'ina ba. Na tambaye ta inda ta samo, ta ce ta ga ya dace da ni.

Na kasa ɗora tallan a intanet, na kasa goge shi. Ki sa mu a addu'a, ki gaida Goggo.

Ƙanwarki,
Asma'u