Guntun Takarda a Fiffiken Royce

Mojave, 4 ga Afrilu

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar nan taki, ta lafa? A gaishe min da Goggo Verna.

Na san labari ya riga ni isowa, autanki Royce aka ba jirgin gwajin. Shekara da shekaru ina tare da injiniyoyin nan suna gyaran fiffiken har ya fi madubi santsi, don iska ta rage riƙe jirgi idan ya zarce gudun sauti. Da aka zo zaɓen matuƙi sai aka tsallake ni, wai hannunsa ya fi nawa natsuwa. Yaron da ni na koya wa tuƙi! Ni jirgin rakiya aka ba ni, in bi shi a gefe ina ba da rahoto. Na taya shi murna, amma abin ya tsaya min a rai. Kishi nake yi, Mama.

Ɗanki,
Wendell

Mojave, 19 ga Afrilu

Mama,

Ina gaisuwa, da fatan jiki ya yi sauƙi.

Jiya aka yi gwajin. Fiffiken nan ko sauro ya mutu a kansa awo ya lalace, don haka ake rufe gabansa da takarda, sai an yi sama matuƙi ya ja igiya takardar ta yage. Royce ya ja, amma guntu ya maƙale inda ba ya gani. Ni kaɗai na gani. Da a ce na yi shiru, da awo ya lalace, a ce hannunsa ne ya yi rawa, tashi na gaba ya zama nawa. Kuma wallahi na so in bar shi haka.

Sai ga muryarsa a rediyo: "Yaya, ya ka gan ni? Na haɗu ko?"

Na ce, "Dalla can, tsumma ne a fiffikenka. Girgiza shi!"

Ya girgiza, guntun ya fita, ya wuce ya bar ni. Awo ya yi kyau, kujerar matuƙin ta zama tasa.

Al'adarmu a nan, wanda ya ci gwajinsa na farko ana jiƙa shi da tiyon 'yan kwana-kwana, ɗan rakiyarsa ke riƙewa. Na sakar masa ruwa har ya faɗi zaune, ban daina ba sai da aka ƙwace tiyon. Kowa na ta tafi, sun ɗauka murna ce. Don Allah kada ki faɗa masa.

Ɗanki mai kewarki,
Wendell